Ɗan Karkare: Ciwon Yatsan da Ake Zama Jiran Ya Nuna

Daga ƙarshen damina har rani ya yi nisa, duk wanda ya baro hanyar Zariya zuwa Kano a Tashar Yari ya miƙe zuwa Makarfi zai yi ta cin karo da rake: dami-dami a jingine bakin hanya, a bayan babura, a kan manyan motocin da ke jiran lodi. Ranar Laraba kuwa, da kasuwar garin ke ci, sai hatsi da barkono da dabbobi su ƙaru a kai. Abin da mai wucewa ba ya lura da shi shi ne duk wannan arziki ta tafin hannu ya biyo. Hannu ne ya sare raken, ya zage ganyen, ya ɗaure damin, ya tura karan cikin injin matsa a wurin masu dafa mazarƙwaila. A fadamun Kudan da Hunkuyi da Likoro, da gonakin tumatir na ƙasar Ikara, hannun ne dai ke tsinka yana cika kwando. Kuma da wuya ka ga safa a hannun nan.

Gefen ganyen rake yana yanka, ƙaiƙayinsa yana shiga fata, bakin kwando yana sa sartse, iskar hunturu kuma tana farfasa fatar da ke kewaye da farce. Babu manomin da zai ajiye adda saboda irin wannan. Zai tsotse jinin, ko ya goga ƙasa a wurin, ya ci gaba da aikinsa, kuma galibi maganar ta wuce ke nan. Amma wani lokaci, bayan kwana biyu ko uku, sai kan yatsan ya ɗau zafi, ya yi tauri, ya fara zugi yana harbawa tare da bugun zuciya. Dare ya yi, barci ya gagara. Ƙaton da ke ɗaga damin rake shi kaɗai sai a tarar da shi zaune a zaure ya ɗora hannu bisa kai, domin da ya sauke shi zugin ya ninka. Nan take masu zuwa sannu za su yanke hukunci: ɗan karkare ne. Wasu su ce kakkarai.

A bakin jama'a kusan duk abin da ya fito a yatsa ya yi ciwo sunansa ke nan, maganinsa kuma ɗaya ne: a sa masa abin da zai nunar da shi, a jira ya fashe. A wurin masu aikin lafiya kuwa cututtuka ne daban-daban da suka yi tarayya a wuri kawai. Akwai wanda ruwan ɗumi ke isar sa. Akwai wanda in ba a tsaga shi a yinin ba yatsan ya tafi. Akwai wanda tsagawar ce ke ɓata shi. Akwai kuma wanda ba ƙurji ba ne sam, tsiro ne, jira ba ya ƙara masa komai sai girma.

Daga gefen farce

Mafi yawan ciwon yatsa mai mugunya aikin ƙwayar cuta ɗaya ce, wadda likitoci ke kira sitafilokokus, ita ce kuma ke kawo maruru. Ba baƙuwa ba ce. Tana zaune lafiya lau a fata da cikin hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta yi masa komai ba, sai ranar da ta sami ƙofa.

Ƙofar da ta fi samu ita ce gefen farce. Cizon farce yana buɗe ta, fizge ɗan fatar nan da ke tashi a gefe yana buɗe ta, haka ma almakashin masu yankan farce da ke zagaya tasha da kasuwa. Sana'ar tasu halal ce, mutane da yawa suna ci da ita, amma abin da mai yankan yake yi don ya burge mai farcen shi ne ainihin ɓarnar: ya tono kusurwa, ya kankare siririyar fatar da ke manne a gindin farce har wurin ya yi fes. Wannan fata ita ce marfin da ke hana datti shiga tsakanin farce da nama. Ga shi kuma almakashi ɗaya ne ya fito daga ƙafar wani ya dawo hannunka, ruwan kumfar da ke cikin kwalba kuwa ba ya kashe komai, har da ƙwayar ciwon hanta da ke bin jini.

Irin wannan shi ne mai sauƙi. Gefen farcen zai yi ja ya kumbura, in an taɓa a ji zafi. Idan aka tare shi a rana ta farko ko ta biyu, kafin mugunya ta taru, tsoma yatsan cikin ruwan ɗumi mai tsabta da ɗan gishiri na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a yini, yakan kwantar da shi. Ruwan ɗumi aka ce, ba tafasasshe ba. Idan kuwa fari ko rawaya ya bayyana ƙarƙashin fatar, ma'aikacin lafiya zai ɗan ɗaga gefen da tsaftataccen ƙarfe mugunyar ta fita, cikin 'yan kwanaki a manta.

Akwai ɗan'uwansa da ya fi damun mata da masu sayar da abinci da masu wankau da masu wankin mota, wato duk wanda hannunsa ke yini cikin ruwa da omo. Shi ba ya zugi sosai, sai dai ya ƙi tafiya: fiye da mako shida gindin farce biyu ko uku na kumbure, farcen na fitowa da gargada. Ana ta shan kapso a kansa a banza, alhali jiƙa da sabulu ne suka cinye fatar. Maganinsa na farko shi ne hannu ya huta da ruwa, ko a sa safar roba, sannan man shafawar da ma'aikacin lafiya ya zaɓa. Faɗar haka da sauƙi. Uwargidan da wanke-wanken gida mai mutum goma sha biyar ke jiran ta ita ta san wuyar cika shi.

Wanda ke cin ƙashi

Ɗan karkaren da ya yi suna shi ne wanda ke kama tsokar kan yatsa, wurin da ake dangwale. Dalilin azabarsa yana cikin yadda aka halicci wurin. Tsokar ba dunƙule take ba. Wasu zaruruwa masu ƙarfi sun taso daga ƙashi zuwa fata sun rarraba ta ɗaki-ɗaki, kamar cikin lemon zaƙi in an ɓare shi. Wannan ne ya sa kan yatsa ke riƙe allura ko tsabar hatsi ba ya sulɓewa. Amma idan mugunya ta taru a ciki, ba ta da wurin bazuwa. Sama fata ce mai kauri, a hannun manomi ma har da kanta. Ƙasa kuwa ƙashi ne. Matsin yana ƙaruwa har ya danne ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da nama da ƙashin, abin da jini bai kai gare shi ba kuwa mutuwa yake yi.

Saboda haka kalmar nan ta “bari ya nuna” da ta dace da maruru a cinya ba ta dace da kan yatsa ba. Kafin mugunya ta huda fatar manomi ta fito da kanta, sau da yawa ta riga ta isa ƙashi. Ranar da zugin ya ɗauke haka kawai ba tare da komai ya fita ba, majinyaci kan yi hamdala, alhali wani lokaci jijiyoyin da ke kai saƙon zafin ne suka mutu. Farin abin nan mai kama da zare da ake jawowa daga baya ana cewa “ga ɗan ya fito”, mataccen nama ne, ko guntun jijiya, ko ɓallin ƙashi. Wanda ya lura da hannun dattawa a majalisa zai ga shaidar: yatsa ɗaya ya gajarce, farcen ya lanƙwashe a kansa, ko gaɓar ƙarshe ta sandare ba ta tanƙwaruwa. Ka tambaya, a ce maka ai karkare ya yi shekarun baya, a faɗe shi kamar haka ya zama dole ya ƙare.

Magungunan da ake yi kafin a kai nan kowa ya san su. A huda lemun tsami a zura yatsan a kwana da shi. A kwaɓa kanwa da sabulun salo a ɗaure. A fasa kapso a barbaɗa. Zamani ya ƙaro nasa daga gareji: kananzir, man birki, ruwan batir. Lemun tsami ba ya ratsa fata ya kai inda cutar take, abin da yake yi shi ne ya jiƙa fatar ta yi fari, a zaci nuna ce. Ruwan batir kuwa ƙuna ce tsantsa a kan ciwo. Mafi haɗari cikinsu shi ne ɗaure gindin yatsa tamau da zare ko roba wai don kada ciwon ya hau, domin yana tsayar da ɗan jinin da ya rage. Zoben da aka bari a yatsan da ke kumbura shi ma aikin da yake yi ke nan. A cire shi tun ranar farko, kafin sai an nemo mai yanke ƙarfe.

Wanzami, a nawa ganin, ya fi masu lemun tsami kusa da gaskiya. Ya san mugunya ba ta da magani sai fita, kuma likitan tiyata ma abin da zai faɗa ke nan. Inda aka rabu shi ne yadda ake yi. Jijiyar ji da hanyar jini suna bin gefe biyu na kowane yatsa, askar da ta kauce kaɗan sai ta bar kan yatsan a mace har abada. Sakiyar da aka yi ba tare da kashe zafi ba kuma ba ta zurfi yadda ya kamata, domin majinyaci zai fizge hannu. Sai a huda sama a bar ainihin taron a ƙasa.

Sai maganar da ta fi kowace hana mutane asibiti: wai ɗan karkare ba ya son allura. Ba daga sama ta faɗo ba. Mutum ya yi kwana goma a gida, ya je kemis aka yi masa allura, yatsan da ya riga ya mutu ya guntule, sai laifin ya hau kan allurar. Akwai ma ƙanshin gaskiya a ciki, domin allura kaɗai ba ta warkar da mugunyar da ta taru. Maganin yana tafiya ne cikin jini, jini kuwa ba ya shiga inda ta yi sansani. Ba allurar ce ta yi ɓarna ba, rashin tsagawa ne.

A asibiti aikin bai da tsawo. Za a yi allurar kashe zafi a gindin yatsan, a jira 'yan mintoci har ya mutu murus, a tsaga daidai inda ya fi kumburi, a wanke, a bar wurin a buɗe a naɗe da bandeji. Za a ba da maganin ƙwayoyin cuta idan da bukata, a duba rigakafin sarƙe haƙora, musamman ga wanda ƙusa ko ƙaya ko ƙarfen gona ya soka. Idan ciwon ya kwana da yawa, hoton ƙashi zai nuna ko ya taɓu. Masu irin wannan ciwo sukan yi barcinsu na farko a daren da aka tsaga.

Alamu huɗu na Kanavel

A 1912, tun kafin a san maganin fenisilin, wani likitan tiyata na birnin Chicago a Amurka, Allen Kanavel, ya wallafa littafi sukutum a kan cututtukan hannu. Har yau ɗaliban likitanci suna haddace alamu huɗu da ke ɗauke da sunansa, kuma babu dalilin da zai hana manomi ya san su.

Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna gudana ne cikin wani siririn kube mai santsi. Idan ƙaya, ƙusa, ƙashin kifi ko haƙorin mutum ya soki cikin yatsa, musamman daidai layin gaɓa inda kuben ya fi kusa da fata, cuta tana iya shiga ta bi tsawonsa. Sai yatsan ya kumbura gaba ɗaya daga gindi har kai, ba wuri ɗaya ba. Ya tsaya a ɗan lanƙwashe. A ji zafi in an danna ko'ina a tsawon cikinsa. Idan kuma wani ya gwada miƙar da shi, mai shi ya yi ƙara. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu jijiyar tana iya lalacewa, yatsan ya zama ƙugiya da ba ta riƙe fartanya. A babban yatsa da ɗan ƙaramin abin ya fi muni, domin kubensu ya zarce har wuyan hannu, cutar tana iya bi ta nan ta mamaye tafin.

Wannan aikin ɗakin tiyata ne. Asibitin gwamnati na Makarfi ko na Ikara ko na Hunkuyi shi ne matakin farko, daga nan in ya fi ƙarfinsu a tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Haka ma idan zafi da ja suka fara hawa damtse, kaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka shigo: cutar ta bar yatsa ta kama hanyar jini.

Waɗanda aska ke ɓatawa

Da wannan ne kaɗai labarin, da sai a ce kowa ya ruga a tsaga masa. To ba haka ba ne.

Na farko, bairos ɗin da ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi yana kama yatsa. Yaron da ke tsotsar hannu alhali bakinsa na da ƙurajen shi ya fi kamuwa, sai ma'aikatan lafiya da ke sa hannu a bakin majinyata babu safa. Yana farawa da raɗaɗi da ƙaiƙayi, sannan ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cure wuri ɗaya. Ruwan garai-garai ne tun farko, ba mugunya ba, tsokar yatsan kuma ba ta yin taurin nan na ɗan karkare. Yana warkewa da kansa cikin mako biyu zuwa uku, akwai kuma maganin da ke rage masa kwana idan an fara da wuri. Tsaga shi ba ya fitar da komai, sai dai ya buɗe hanya ga wata cutar. A rufe shi, kada hannun ya taɓa ido, kada kuma ya kusanci jariri sabon haihuwa.

Na biyu ya shafi duk gidan da ake kiwo, wato kusan kowane gida a yankin nan. Awaki da tumaki suna yin wata cuta da ke sa ɓawon ƙuraje ya taru a leɓunansu da hanci, likitoci na kiran ta orf. Mai ba su dusa da hannu, mai ɗura musu magani, mahauci da mai babbakar kai, duk suna iya ɗauka ta ɗan yanka a fata. Bayan 'yan kwanaki sai ƙullutu ɗaya ya taso a yatsa ko bayan hannu, tsakiyarsa ja, da farin zobe kewaye, daga baya ya yi ruwa ya yi ɓawo. Ganin sa yana da ban tsoro, amma yana tafiya da kansa cikin kamar mako shida, galibi ko tabo babu. Likitoci a Turkiyya da Faransa da Beljiyam sun sha rubuta yadda masu wannan ƙullutu ke ƙaruwa a makonnin da ke bin Babbar Sallah. A wurin da mata da yara ke kiwon ragunan layya wata da watanni, tambayar “akwai dabba mai ciwon baki a gida?” ta isa ta hana a yanka yatsan da ba ya bukatar yanka. Abin da ba a wasa da shi shi ne baƙin ɓawo marar zafi da kumburi mai yawa kewaye, bayan an feɗe dabbar da ta mutu ba zato. Wannan yana iya zama cutar antaras, wadda hukumomi suka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023, kuma tana bukatar magani nan take.

Na uku na jarirai ne. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu ko uku da bayan hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana kuka in an taɓa, sau da yawa alamar farko ce ta sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta duk shekara a Nijeriya. Gwajin jini yaron yake bukata, ba sakiya ba.

Tsiron da ba ya nuna

Tusar jaki kowa ya san ta: tsiro mai kaushi, wani lokaci da ɗige-ɗigen baƙi a kansa, bairos ne ke kawo shi. Ba ta cika ciwo ba sai ta fito a gefen farce ko ƙarƙashinsa. A jikin yara, kusan biyu cikin uku suna ɓacewa da kansu cikin shekara biyu, shi ya sa duk maganin da aka ambata a kanta sai an sami mai rantsuwa cewa ya yi masa aiki. Yanke ta da reza yana yaɗa ta zuwa sauran yatsu. Akwai maganin ɗigawa da ke cinye ta a hankali cikin makonni, akwai kuma ƙonawa a asibiti. Amma babban mutum da tsiro ɗaya ya daɗe a gefen farcensa, yana gyambo, ya ƙi jin magani, a ɗebi naman a auna, domin ciwon dajin fata yakan fara da wannan kama.

Akwai kuma jan naman nan mai taushi da ke tasowa cikin 'yan makonni a inda aka taɓa jin rauni, da an ɗan goge shi sai jini kamar an yanka. Mata masu ciki sun fi yin sa. Ba daji ba ne, tarin ƙananan hanyoyin jini ne. Ana ɗaure shi da zare ya faɗi ya sake tsirowa, domin gindin yana nan. Sai an kankare an ƙone tushen.

Wanda ya fi ba ni tausayi a cikinsu shi ne wanda ba a gani. Mace ce galibi, mai matsakaicin shekaru, take kukan yatsa ɗaya shekara da shekaru. Babu kumburi, babu ja, farcen lafiya lau, in ya yi yawa a ga ɗan duhu ƙarƙashinsa. Amma ta bugi bakin kwano da wurin sai ta durƙusa, alwalar asuba da ruwan sanyi a watan Janairu kuwa azaba ce. An ce mata sanyi ne, an ce iska ce, an ce jifa ne, daga ƙarshe aka fara cewa raki ne. Abin da ke damun ta ɗan tsiro ne da bai kai santimita ɗaya ba, ya fito daga ƙananan gaɓoɓin da ke daidaita zafin jiki a kan yatsu. Wani masani Bafaranshe, Pierre Masson, ya fayyace shi a 1924, likitoci na kiran sa gulomus. Ana gane shi da abu uku: zafi mai tsanani, ƙin sanyi, da wuri ɗaya tak wanda in aka danna da kan fil mai shi zai zabura, alhali kusa da shi babu komai. Ƙaramar tiyata ce ke cire shi, ciwon shekaru ya ƙare.

Sai baƙin layi a farce. Baƙar fata da dama suna da irin waɗannan layuka a farce da yawa, kuma ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi, ko baƙin ya tsallaka ya hau fatar gefe, ko farcen ya tsage ya zama gyambon da ba ya warkewa. Dajin fata mai suna melanoma, in ya kama baƙar fata, tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce ya fi zaɓa. Shi ne ya fito wa mawaƙin Jamaika Bob Marley ƙarƙashin farcen ƙafa a 1977, aka fara ɗaukar sa raunin ƙwallo. Ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

A auna suga

Duk babban mutumin da ɗan karkare ya kama, musamman in ya maimaita ko ya ƙi warkewa, a auna masa suga. Gwajin ɗigon jini ne, minti ɗaya. Likitocin Ibadan sun yi rubutu tun 1984 a kan yadda ƙaramin rauni a hannun mai ciwon suga ke rikiɗewa ya zama ruɓa, kuma a 2002 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoto a kan masu irin wannan ciwo a Dar es Salaam ta Tanzaniya. Labarin iri ɗaya ne: sartse ko cizon ƙwaro, maganin gida, zuwa asibiti a makare, yanke yatsa ko hannu, wani lokaci rasa rai. Da yawa ba su san suna da sugan ba sai a ranar. Abin da ke yaudara shi ne suga yana kashe jijiyoyin ji, sai ciwon ya yi muni zafin bai kai ba. Rauni marar zafi a yatsa, tare da tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi, yana iya zama kuturta ma. Cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye kusa da Zariya, maganin kuma kyauta ne.

Tsakanin gida da asibiti akwai kemis, kuma a nan yawancin masu ɗan karkare ke tsayawa. “Malam, ba ni na ɗari biyu,” sai a ƙirgo kapso huɗu da maganin kashe zafi mai ƙarfi. Zafin ya lafa, mugunyar na ci gaba da aikinta a ɓoye, kapson da aka sha rabi-rabi kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Mai kemis da ya kalli yatsa ya ce “Baba, wannan ya fi ƙarfina, ka wuce asibiti yanzu” ya yi asarar cinikin ɗari biyu, amma ya ceci hannu.

Ba zan ɗora laifin duka a kan majinyaci ba. Mutumin da ke tsakiyar saran rake yana lissafin kuɗin babur, da yinin da zai ɓata a layi, da takardar sayayyar da za a miƙo masa. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin cibiyar lafiya matakin farko guda a kowace mazaɓa cikin 255 da take da su, kuma a cikin garin Makarfi ne makarantar koyon aikin lafiya da aka sani da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris take, wadda ta yaye ma'aikatan da ke riƙe da ɗakunan shan magani da yawa a jihar. Ilimin tsaga yatsa yana nan kusa. Kayan aikin ma ba su da yawa: maganin kashe zafi, tsaftatacciyar wuƙar tiyata, safa, bandeji, allurar rigakafi da tsinken gwajin suga. Shugabannin ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan su tabbatar waɗannan ba sa yankewa a cibiyoyin ƙauye, musamman lokacin saran rake da ɗibar tumatir. Ƙungiyoyin manoman rake su sa safar hannu cikin kayan aiki kamar yadda adda take. Sarakunan aska su ja kunnen yaransu cewa kan yatsa da hannun mai suga da hannun jariri ba wurin sakiya ba ne.

Kai kuma mai karatu, in yatsa ya fara, wanke shi da sabulu, cire zobe, tsoma shi a ruwan ɗumi, ka ɗaga hannun. Idan kwana biyu suka cika bai sauka ba, ko ya hana ka barci ko da dare ɗaya ne, ko ya ƙi miƙewa, ko kana da suga, ka tafi asibiti a ranar.